Shafin Alhaji Ne, Amma Sunan Wa Ke Cikin Kundi?

Ranar 25 ga Mayun 2018 Juma'a ce, mako guda da kama azumi. A Maourey, tsohuwar unguwar da ke tsakiyar birnin Yamai daf da babbar kasuwa, an sauko daga masallaci an buɗe shaguna kamar kullum, taksi da masu babura na kewaya shataletale. Ba wanda ya ji a jikinsa cewa wani abu ya sauya. Amma a ranar ce dokar kare bayanan mutum ta Tarayyar Turai, wadda ake kira GDPR, masu Faransanci kuma su ce RGPD, ta fara aiki. Cikin ƴan kwanaki aka rufe wani kundi da ya shekara 36 a buɗe ga duk mai son leƙawa. Sunayen da suka ɓace daga gani ba na Turawa kaɗai ba ne, har da na ƴan kasuwar Yamai da ba su taɓa taka Turai ba.

Sunan kundin WHOIS. Wanda ya ɗaga kai ya karanta allunan ofisoshin tafiye-tafiye, maɗaba'u, otal-otal da shagunan waya na unguwar, zai ga sau da yawa ƙarƙashin lambar waya akwai wani layi mai ƙarewa da .com ko .net, jifa-jifa kuma .ne. Wannan shi ne sunan shafin intanet, kuma ba a sayensa a mallake shi har abada, haya ce da ake sabuntawa. Ana karɓarsa daga hannun dillali, wato kamfanin da ke da lasisin sayar da sunaye, irin su GoDaddy da Namecheap a Amurka, ko OVH da Gandi a Faransa. Dillalin yakan rubuta sunan mai haya, da adireshinsa, da lambar wayarsa, da imel ɗinsa. Kafin 2018, in dai mutum bai sa an ɓoye masa ba, duk wannan a fili yake. Ka rubuta sunan shafi ka danna, sai ga mai shi har da lambar da za ka kira shi.

Ba don ƴan kasuwa aka ƙirƙiri kundin ba. Tun intanet tana ARPANET, ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya ne ke riƙe da jerin sunayen masu amfani da ita, kuma a 1982 Ken Harrenstien da Vic White suka rubuta ƙa'idar yadda kwamfuta za ta tambayi wannan jerin. Mutanen lokacin injiniyoyi ne da malaman jami'a, kusan duk sun san juna. In na'urar wani ta rikice, a duba sunansa a buga masa waya. Da aka kafa ICANN a 1998, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet daga Amurka, sai ta gaji al'adar ta mai da ita sharaɗi a kwangilar kowane dillali. Yau sunayen da aka yi wa rajista a duniya sun haura miliyan 350, kuma da yawa daga masu su ba kamfanoni ba ne, mutane ne da suka rubuta adireshin ɗakin kwanansu.

Hukumomin kare bayanai na Turai sun fara ƙorafi a rubuce tun 2003. ICANN ta yi kunnen uwar shegu shekara 15. Abin da ya motsa ta tara ce: sabuwar dokar ta ba da damar cin kamfani har Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara a duniya baki ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Saura kwana takwas dokar ta fara aiki, ranar 17 ga Mayu, hukumar gudanarwar ICANN ta zartar da wata ƙa'ida ta wucin gadi: a rufe sunan mutum, da titinsa, da wayarsa, da imel ɗinsa; a bar ƙasa da jiha; a sanya wani fom ko imel na aro wanda za a iya aika wa mai shafi saƙo ba tare da an gan shi ba. A ranar da dokar ta fara aiki kuma ICANN ta maka EPAG, wani dillali na Jamus mallakar kamfanin Tucows, a kotun birnin Bon, don a tilasta masa ci gaba da tattara bayanan masu kula da shafi. Kotu ta ƙi. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Kolon, nan ma aka ƙi.

To ina ruwan Nijar? A takarda, dokar Turai ba ta shafi ɗan Maourey da ya sayi suna daga dillalin Amurka ba. Amma ƙa'idar ICANN ta bar wa dillalai ƙofa: in tantance wanda dokar ta shafa zai yi wuya, su rufe na kowa. Yawancin manyansu haka suka yi, don ya fi arha kuma ya fi kwanciyar hankali. Wanda ya saya ta hannun kamfanin Faransa kuwa, dama yana ƙarƙashin dokar kai tsaye, tunda dillalinsa a Turai yake. Wani bincike da kamfanin Interisle ya fitar a Janairun 2021 ya gano cewa kashi 86.5 cikin ɗari na masu sunayen da ya duba ba a iya gane su daga kundin. Kafin dokar, kusan kashi 24 ne. Kuma yawancin sanannun shafukanmu a can waje suke zaune. Jaridar gwamnati da kanta, Le Sahel, tana lesahel.org, kuma babban kundin .org yana jihar Bajiniya a Amurka. ActuNiger tana .com, wanda Verisign ke riƙe da shi a wannan jihar dai. Kamfanin dillancin labarai na ANP da hukumomin gwamnati ne suka fi zama a .ne.

Inda abin ya fi cizo a nan gida ba inda masu muhawara a Turai da Amurka ke kallo ba ne. Duk wanda ya san harkar masu haɗa shafuka a Yamai ko Maraɗi ko Kano zai gane wannan hoton. Ɗan kasuwa ya kira wani matashi da ya iya kwamfuta.

"Ɗana, ka yi mini irin abin nan da ake gani a waya, mutanen Kwatano da Lome su riƙa ganin kayana."

"To Alhaji, ba matsala. Sai dai a ba ni kuɗin suna da na masauki."

Alhaji ya ƙirga ya miƙa hannu da hannu, ba rasit. Sayen suna na buƙatar katin banki irin na Visa da kuma akwatin imel da ake dubawa. Alhaji ba ya amfani da ko ɗaya. Ofishinsa WhatsApp ne. Sai yaron ya biya da katinsa ko na abokinsa, ya cike fom da sunansa da imel ɗinsa. Galibi ba da mugun nufi ba, hanya mafi sauƙi ce kawai. Amma a wurin dillali, wanda sunansa ke cikin kundi shi ne mai suna. Daidai yake da ka ba mutum kuɗi ya sayo maka fili, ya dawo takardar na ɗauke da sunansa. Wanda ya taɓa zama a zauren sasanta rikicin fuloti a Yamai ya san yadda irin wannan ke ƙarewa.

A da, ɗan Alhaji da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni zai iya gano wannan cikin minti guda daga wayarsa, a gyara tun ana dariya. Yanzu in ya duba, abin da zai gani shi ne an rufe don kare sirri. Sirrin wa? Na yaron, a kan kayan Alhaji. Ba a farga sai ranar da aka saɓa, ko yaron ya samu karatu a waje ya canja lamba. Ƙa'idar ICANN ta wajabta wa dillali ya aika tunatarwa kusan wata guda kafin haya ta ƙare, ya sake aikawa saura mako guda, amma saƙon na faɗawa akwatin da ba wanda ke buɗewa. Wa'adi ya cika, shafi ya mutu. In dillali ya soke sunan, akwai kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi, daga nan a sake shi kasuwa, inda masu farautar sunayen da suka faɗi ke jira da na'urorinsu. Adireshin yana nan a allon shago, a jikin mota, a kalandar da aka raba wa abokan ciniki, amma wanda ya danna sai ya faɗa shafin caca.

Akwai hanyar ƙwato suna ba tare da kotu ba, tsarin da ICANN ta kafa a 1999 wanda hukumar WIPO da ke Janiba ke sauraron yawancin ƙararrakinsa. Sai dai kuɗin shigar da ƙara mafi ƙanƙanta a can dalar Amurka 1,500 ne, ban da lauya, a kan sunan da hayarsa ta shekara ba ta wuce ƴan jakunkuna na sefa ba. Kuma dole mai ƙara ya nuna yana da haƙƙi a kan alamar kasuwanci, abin da ya fi sauƙi ga wanda ya yi rajistar alamarsa da hukumar OAPI a Yawunde, sannan ya nuna an yi rajistar sunan da mugun nufi. Rikicin maigida da yaronsa sau da yawa alƙalan tsarin kan ce ba huruminsu ba ne, a tafi kotu. Kotun kasuwanci ta Yamai na iya yanke hukunci tsakanin mutum biyun, amma dillalin da zai danna maɓallin yana can Arizona, a Amurka.

Sai kuma wanda aka damfara. A ce shafi ya ɓullo yana tallar kujerar Makka mai rahusa, ko biza, ko gurbin karatu, ko aiki a wata ƙungiyar agaji, da tambari da hotuna tsaf, a ce a tura kuɗin fom ta ofishin aika kuɗi. Masu kare rufewar kan ce ai ɗan damfara dama ba ya rubuta sunansa na gaskiya. Haka ne. Amma ɗan damfara malalaci ne. Imel ɗin ƙarya ɗaya zai yi rajistar sunaye 30 da shi, ko ya maimaita lambar waya guda, kuma wannan zaren ne masu bincike ke ja har su gano sauran shafukan kafin su ci wasu. Ta bin irin waɗannan sawu ne ƙungiyar EU DisinfoLab ta bankaɗo a 2019 cewa shafukan labarai na bogi 265 a ƙasashe 65 duk suna komawa ga wani rukunin kamfanoni guda a Indiya. Tsofaffin bayanan da aka adana kafin rufewa suna nan ana amfani da su, amma kowace shekara ƙara tsufa suke yi.

An ce wanda ke da hujja zai iya neman a buɗe masa. Wa ke yanke hukunci a kan hujjar? Dillalin. Shi ne kuma za a ci tara in ya buɗe bisa kuskure, ba kuwa wanda zai taɓa shi in ya ƙi. Ba sai an faɗi ɓangaren da zai karkata ba. Facebook, da duk lauyoyinsa, sai da ya kai Namecheap kotu a Maris 2020 a kan sunaye 45 da ya ce suna kwaikwayonsa an ƙi gaya masa masu su. ICANN ta shafe shekaru tana tsara babbar ƙofa guda ta neman bayanai, da aka yi lissafi a 2022 aka ga gina ta kaɗai zai ci dalar Amurka miliyan 20 zuwa 27, sai aka jingine. Abin da aka buɗe a madadinta ranar 28 ga Nuwamban 2023, mai suna RDRS, a matsayin gwaji aka fara shi, kyauta ne, amma dillali ne ke zaɓar shiga ko ƙin shiga, kuma alƙaluman da ICANN ke fitarwa sun nuna buƙatun da ake amincewa da su ba su kai rabi ba. Ƙa'idar dindindin da ta fara aiki ranar 21 ga Agustan 2025 ta ba dillali har kwana 30 ya ba da amsa. Shafin damfara kan gama cin kasuwarsa tun kafin nan.

Turawan da suka rufe kundin sun ga illar, sun kuma yi wa kansu magani. Dokarsu ta tsaron intanet ta 2022, NIS2, a sashe na 28, ta wajabta a tantance bayanan masu suna, a bayyana waɗanda ba na mutum ɗaya ba, a kuma amsa wa mai haƙƙin tambaya cikin awa 72. Mai haƙƙin tambaya kuwa, dokar Turai ko ta ƙasashenta ce ke fayyace shi. Rufewar ta game duniya, mabuɗin mai sauri ya tsaya a inda aka ƙera shi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a koma gidan jiya, kuma dalilina a nan Yamai yake. Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ba ƴan damfara kaɗai ta kama ba. Da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a Yunin 2020 a kan wani rubutu da ta yi a Facebook, ta kwana 48 a kurkuku kafin kotu ta sallame ta. A Janairun 2022 aka yanke mata hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka tare da Moussa Aksar na jaridar L'Événement, saboda sun yaɗa rahoton wata ƙungiya ta waje kan safarar miyagun ƙwayoyi. A 2022 aka cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna ta intanet, a Yunin 2024 hukumomin soja suka maido da shi. Waɗannan biyun da sunansu suke rubutu, sun san abin da suka ɗauka. Amma malamin makaranta da ya buɗe shafi yana lissafa ajujuwan da aka ci kuɗinsu ba a gina ba fa? A ƙasar da ake yi wa layin waya rajista da katin shaida, lambar waya a buɗaɗɗen kundi tamkar kwatancen ƙofar gida ce. Haka matar da ke sayar da turaren wuta da atamfa daga ɗakinta. Ba ta buɗe shafi don kowane ɗan iska ya samu lambarta da unguwarta ba.

Ashe matsalar ba rufewa ba ce, rufe kowa da bargo ɗaya ne. Faransa ta raba wannan gardama tun 2006, shekara 12 kafin GDPR. Da AFNIC, mai riƙe da .fr, ta buɗe rajista ga ɗaiɗaikun mutane, sai ta ɓoye bayanansu tun daga farko, ta bar na kamfanoni da ƙungiyoyi a fili, ta kuma tanadi fom na neman a buɗe ga wanda aka taɓa haƙƙinsa. Dokar Turai kanta mutum take karewa, ba kamfani ba. ICANN ta tattauna wajabta wannan bambanci, a 2021 ta ƙare da barin sa ganin dama. Ofishin da ke karɓar miliyoyin maniyyata ba shi da sirrin da ya kamata a kare a kan ko shi wane ne. Da sunan kamfanin Alhaji ne ake sa ran gani a kundi, rashin ganinsa kaɗai ya isa ya sa a tambayi yaron.

Wurin da Nijar ke da cikakken iko shi ne .ne. Kwangilar ICANN da ta shafi kundin ba ta hau kan sunayen ƙasashe ba. Kowace ƙasa da dokarta. An ba Nijar .ne a 1996, aka damƙa wa SONITEL, kamfanin da aka haɗe da SahelCom a 2016 ya zama Niger Télécoms. Dokar ma akwai ta. Ta farko ita ce mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayun 2017, wadda ta riga GDPR fara aiki da shekara guda. Aka maye gurbinta da 2022-59 ta 16 ga Disamban 2022. Hukumar HAPDP ce ke sa ido, ta kuma fara aiki a 2020. Dokar ta ba mutum haƙƙin a sanar da shi abin da za a yi da bayanansa, ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara, ya kuma ƙi amincewa in yana da dalili. Ta kuma sa sharaɗi a kan fitar da bayanai zuwa ƙasashen waje. Nijar na cikin ƙasashe 15 da amincewarsu ta sa yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan kare bayanai ta fara aiki a Yunin 2023, watan da Najeriya ma ta sanya hannu a kan tata dokar.

Wanda ke ganin riƙon haruffa biyu irin na .ne ƙaramin abu ne, ya tambayi Mali. Wani ɗan kasuwar Holan, Johannes Zuurbier, ya shekara 10 yana tafiyar da .ml a kwangila, kuma a 2023 ya bayyana cewa saƙonni fiye da 100,000 da aka nufi sojojin Amurka da su, masu adireshin .mil, sun faɗo hannunsa cikin ƴan watanni saboda an manta harafi ɗaya. A Yulin shekarar riƙon ya koma hannun gwamnatin Bamako.

Abin da ya kamata mai sayen .ne ya samu a rubuce kafin ya biya ba shi da yawa: me za a nuna wa duniya daga bayanansa, wa zai iya neman sauran, da wace takarda, kuma za a gaya masa an nema ko kuwa. Ta ukun ce ta fi nauyi. Kundin da ke Arizona nesa yake da wanda aka damfara, amma nesa yake kuma da mai son a rufe bakin wani. Kundin da ke Yamai kusa yake da su duka. In ana so ƴan kasuwa da ƴan jarida su dawo gida, sai an san cewa takardar alƙali ce ke buɗe shi, ba kiran waya daga sama ba. Tunda kundin tsarin ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ba abin kunya ba ne a nemi a buga wannan ƙa'ida da Hausa da Zabarmanci, a karanta ta a rediyo.

Kafin nan, kundin bai makance gaba ɗaya ba. Tun 28 ga Janairun 2025 ICANN ta daina wajabta tsohon WHOIS ga irin su .org da .net, wani sabon tsari mai suna RDAP ya gaje shi, amma ga mai tambaya hanyar ɗaya ce: ya shiga lookup.icann.org ya rubuta sunan shafi. Zai ga ranar da aka yi rajista, da ranar da haya za ta ƙare, da sunan dillali, da adireshin da ake kai masa ƙarar zamba. Ofishin da ke cewa ya shekara 20 yana kai alhazai, amma sunan shafinsa bai cika wata guda a duniya ba, a je a nemi sunansa a jerin ofisoshin da hukumar alhazai ta COHO ta amince da su kafin a tura ko sisi. Mai shago kuma ya sa yaron da ya haɗa masa shafi ya buɗe asusun dillali a gabansa, a ga sunan da ke wurin mai rajista da imel ɗin da saƙo ke zuwa. In an canja su zuwa nasa, yawancin dillalai kan kulle sunan kwana 60 ba a iya mayar da shi wani kamfani, don haka kada a bari sai haya ta kusa ƙarewa.